Jiƙon Rawaya

Shekarar da aka fara Shari'a a Zamfara mutane da yawa sun tuba, wasu don Allah, wasu don bulala. Maccido, ɗan dako daga garin Dauran, yana cikin waɗanda suka tuba, kuma da za ka ritsa shi da rantsuwa, shi kansa ba zai iya faɗa maka wanne ya fi ja masa kunne ba. Uwarsa Indo ba ta tsaya wannan bin diddigi ba. Ita dai ta ga ɗanta ya fara dawowa gida da ƙafafunsa a miƙe, bakinsa ba ya warin komai, yana ɗaukar buta ba tare da wani ya ce ya ɗauka ba. Ta shiga ɗaki ta sha kukanta, ta fito ta dama fura ta raba wa maƙwabta sadaka.

Ba za ka ga laifinta ba. Kafin Maccido ta haifi 'ya'ya a jere, ta kuma binne su a jere, babu wanda ya kai yaye. Shi kaɗai ya tsaya. Ya girma ya zama ƙato mai saurin dariya, yana bin motar hatsi daga kasuwar Zurmi zuwa ta Shinkafi, daga Shinkafi zuwa Ƙaura Namoda, ya wuni buhu yana hawa wuyansa yana sauka. Da yamma kuma sai ya zarce wani gida a bayan tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, inda ake sayar da giya. Shekara da shekaru Indo tana roƙon Allah abu guda, ya nuna mata ranar da ɗan nan zai bar kwalba ya kama salla. Azumi kuwa, tun da ya balaga bai taɓa kai shi ƙarshe ba.

Abin da ba ta lura da shi ba shi ne, giyar nan ba don nishaɗi kaɗai yake shan ta ba. Bayansa ya daɗe da lalacewa. Wanda ya shekara ashirin yana hawa katakon loda mota da buhun gero a wuya, ba sai an gaya maka yadda ƙugunsa yake ba. Giya ce take kwantar masa da ciwon har ya samu barci. To, an rufe gidan giya, amma ciwon baya bai san an yi Shari'a ba. Maccido ya koma yana kwana a zaune, ya jingina da bango, matarsa Saudatu tana gasa masa baya da tsumma da ruwan zafi.

Sai Armiya'u ya kawo mafita. Armiya'un nan shi ne mai kai wa mutane kwalabe a wancan gida na Ƙaura. Da aka rufe gidan bai yi ko mako yana zaman banza ba. Ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ya samu faffaɗan faranti ya jera magungunan Bature a kai, yana bin kasuwanni. Abokan cinikinsa na da su ne dai abokan cinikinsa na yanzu. Yana da wani abu da yake kira haɗin gajiya, ƙwayoyin kashe ciwo ne farare da wasu jajaye, yana ƙulle su a 'yar leda. Maccido ya haɗiyi ƙulli ɗaya da safe, ɗaya da yamma, sai ga shi yana barci har da minshari, yana kuma ɗaukar buhu kamar sabon shiga.

Indo ba ta so abin ba tun ranar da ta ga ledojin a zube a bakin ƙofarsa. Ana haka wata rana da hantsi tana tsince wake, rediyon maƙwabta yana magana ta kan katanga, ta ji wani malamin jami'a yana bayani a shirin lafiya. Ya ce ƙwayoyin kashe ciwo, idan suka yi yawa, hanta suke ci, su kuma busar da ƙoda, kuma ba sa sallama, sai sun gama ɓarna mutum yake sani. Ya ce suna bincike a kan wasu itatuwan gida da suke kare hanta daga wannan guba, sun gwada a jikin ɓeraye sun ga alamar nasara. Ya lissafo sunaye, a ciki har da rawaya. Ya ci gaba da cewa binciken bai kammala ba, kada kowa ya dogara da shi, amma wannan ɓangaren Indo ba ta ji shi sosai ba, don tuni ta ture farantin waken ta miƙe.

Rawaya ai ba baƙuwarta ba ce. Tun tana yarinya kakarta take aiken ta tono saiwarta don masu ciwon shawara. Abin da ya ba ta mamaki kawai shi ne sai da ɓera ya sha sannan masu boko suka yarda.

Da Maccido ya dawo da la'asar ta tsare shi a tsakar gida.

"Maccido, ƙwayag ga da kaka sha, ka bar ta. Na jiya ga rediyo, hanta taka ci."

Ya yi dariya ya zauna a kan turmi. "Haba Inna. Giya haram ta, kin ce in bari, hukuma ta ce in bari, na bari. Wagga ko magani na, likita ma shina ba da ita."

"Armiya'u likita na?"

"Inna, dibi nan." Ya juya ya ɗaga rigarsa. Ba wani rauni a bayan, sai dai kanta a kafaɗu da wani karkacewa da ƙashin ya yi zuwa gefe guda. "In ban sha ba, ban iya duƙawa in ɗaura takalmi, balle buhu. In ban ɗauki buhu ba, mi za mu ci? Gona ba mu da ita."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta tambaye shi nawa yake sha, ya ce biyu, ɗaya da safe ɗaya da yamma.

"To, tun da ba ka bari, ka riƙa shan abin da za ni ba ka. Rawaya ta. Ita ka tsare hanta. Kada ka kuskura ka haɗiyi ƙwayag ga ba ka sha jiƙona ba."

"Wanga mai sauƙi na, Inna," in ji shi.

Washegari ta ɗauki 'yar fartanya ta nufi dajin da ke hanyar Birnin Tsaba, tsohuwa da ita, gwiwa tana ƙara. Ta tono saiwar, ta wanke, ta daka, ta shanya. Garin ya fito rawaya shar, har tafin hannunta ya rine. Kullum sai ta jiƙa shi da tsamiya a cikin wata 'yar tukunya, ta tace, ta cika masa kofi. Yana sha yana yamutsa fuska yana tsokanar ta, wai ko makaho ya sha wannan ya san launinsa. Ita kuwa hankalinta ya kwanta. Ta yi abin da uwa za ta iya, rigakafi kuma ya fi magani.

Matsalar ita ce Maccido ya yarda da uwarsa fiye da yadda ita ta yarda da kanta. Tun yana yaro duk abin da ta ba shi ya sha, warkewa yake yi. Idan Inna ta ce abu yana tsare hanta, to hanta ta tsaru, magana ta ƙare.

Kaka ta shigo, hatsi ya cika kasuwanni, aiki ya ninka. Ranar wata Alhamis a kasuwar Shinkafi, bayan sun loda mota biyu ana jiran ta uku, bayan ya riƙe shi har ya kasa miƙewa. Ya lallaɓa inuwar da Armiya'u ya ajiye farantinsa.

"Ba ni huɗu."

Armiya'u ya ɗago kai. "Biyu ka saba. Abin ga shina da ƙarhi hwa, Maccido."

"Ku ad da tsoro. Ni ina da ganuwa gida. Inna na ba ni jiƙon rawaya kullum, har rediyo an hwaɗi, in kana shan ta ƙwaya ba ta taɓa hantakka."

Armiya'u ya so ya ƙara magana. Amma mai faranti ba ya faɗa da ciniki. Ya ƙirgo huɗu ya miƙa masa, har ya ce Allah ya saka wa Inna da alheri. Sauran 'yan dako da ke wurin suka ce lallai Maccido ya yi dacen uwa.

A cikin wannan hali watan azumi ya kama, azumin farko tun da aka fara Shari'a, kuma na farko da Maccido ya ɗaura niyyar kai shi ƙarshe. Ya je ya tambayi limamin unguwarsu ko haɗiyar ƙwaya da rana tana karya azumi. Liman ya ce tana karyawa, amma marar lafiya yana da sauƙi, ya sha ya rama. Maccido bai ɗauki kansa marar lafiya ba. Marar lafiya ai shi ne wanda yake kwance. Kuma wane ido zai kalli uwarsa da shi, a ce azumin farko bayan tuba ya fara da kawo uzuri?

Sai ya yi lissafi irin na ɗan dako, wanda ya san cewa idan mota ba za ta tsaya a hanya ba, to a tasha ake cika mata mai. Na safe da na rana da na la'asar, duk ya haɗa su wuri guda ya watsa a baki lokacin sahur, a cikin ɗakinsa, ya fito ya kora da kofin jiƙon da Indo take ajiye masa. Daga nan babu ɗigon ruwa da zai sake shiga cikinsa har faɗuwar rana, yana ta zuba gumi a ƙarƙashin buhu. Da an sha ruwa kuma ya sake haɗiyar wasu don ya iya tsayuwar asham. Da ya faɗa wa Armiya'u dabarar, Armiya'u ya ce ai haka kowa yake yi.

Kwanakin nan su ne mafi daɗi a rayuwar Indo, kuma abin da ya fi ba ni takaici ke nan a duk labarin. Tana zaune a tsakar gida za ta ji muryar ɗanta a waje yana gaisawa da dattawa a hanyar masallaci. Matan unguwa suna shigowa suna yi mata barka. Wata ta ce ta ga Maccido a sahun gaba. Indo ta sunkuyar da kai ta ce Allah ne, amma a ranta ji take kamar yau ta haife shi.

Azumi ya wuce rabi sai Saudatu ta same ta a madafa. Saudatu mace ce marar yawan magana, kuma tana jin nauyin surukarta, don haka sai da ta gama kewaye-kewaye sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Inna, kin lura da idonai? Sun yi rawaya."

Indo ta lura. Ta ma riga ta lura. Amma ta san amsar tun daga wurin kakarta, ita ma kakar daga wurin tata. Mai shan rawaya dole launin ya bayyana a jikinsa, fitsari ya rine, wannan alama ce maganin ya kama, yana koro dattin waje.

"Jiƙon na ka aiki," in ji ta. "Mutum shi sha rawaya kullum, mi kika so idonai shi yi, shuɗi? Dauɗaƙ ƙwayag ga ta ka hita."

Saudatu ta shiga wasa da bakin zaninta. Can ta ce, "Abinci ma ba shi ci. Loma biyu shi ture. Kuma Inna..." Kunya ta kama ta, ta ƙarasa da murya ƙasa-ƙasa. "Ba shi zagayawa. Tun jiya ban ga ya ɗauki buta don hitsari ba, sai dai alwala."

Wannan ta taɓa Indo. Ta kwana da abin a ranta, da safe ta yanke shawara. Idan datti ya taru ya ƙi fita, ai sai a ƙara abin da ke koro shi. Ta ƙara garin rawaya a tukunya, kofi ɗaya ya koma biyu. Ta tambayi Maccido jikinsa, ya ce lafiya lau, gajiyar azumi ce kawai. Ƙafafunsa sun ɗan kumbura, ya ce tsayuwar asham ce. Ta so ta ce ya huta kwana biyu, ta ga yadda yake murna da azuminsa, ta haɗiye maganar.

Ana cikin goman ƙarshe ya faɗi. A Ƙaura ne, da rana tsaka, yana tsakiyar katako da buhun wake a wuya. Abokan aikinsa sun ce bai yi tuntuɓe ba, ƙafafun ne kawai suka naɗe. Da suka janye buhun suka tayar da shi zaune sai ya fara amai, wani ruwa kore-kore, duk da babu komai a cikinsa. Abin da ya fara tambaya da ya samu numfashi shi ne ko aman da ba da gangan ba yana karya azumi. Suka ce ba ya karyawa. Ya ce alhamdu lillahi, sannan ya sume.

Direban motarsu ya kai shi asibiti a nan Ƙaura, ya aika wani ya faɗa a Dauran. Indo ta saka hijabi a bai-bai ba ta sani ba. Har ta kai ƙofa ta dawo, ta juye jiƙon da ya rage a tukunya cikin wata 'yar jarka, ta ɓoye a ƙarƙashin hijabin. Ita da Saudatu suka daɗe a bakin hanya, masu babur suna wucewa ba mai tsayawa, don lokacin an hana su ɗaukar mata. Sai bayan azahar suka samu mota.

Sun same shi a kwance a gadon ƙarfe, ya farfaɗo, yana gardama da wata ma'aikaciyar jinya da ke riƙe da ledar ƙarin ruwa. A hasken ɗakin, nesa da inuwar gida, Indo ta ga ɗanta sosai. Ba idon kaɗai ba, fatar goshinsa, tafin hannunsa, har leɓensa, duk sun rine. Ta sha ganin masu shan rawaya, ba ta taɓa ganin wanda ta mayar haka ba.

"Inna, hwaɗa musu," in ji Maccido. "Su jira a sha ruwa. Saura kaɗan. Ban sha azumi ko guda ba, Inna, tun da anka hwara."

Shekara nawa tana roƙon Allah ya nuna mata wannan rana, ɗanta yana faɗa a kan azuminsa. Ta dafa ƙarfen gadon.

"Karya shi, Maccido."

"Inna?"

"Ni na ce ka karya. Allah ya sani. In da laihi, shi hau kaina."

Ya kalle ta, sannan ya miƙa wa ma'aikaciyar hannu ya juya fuskarsa bango. Aka ɗaura ruwan. Saudatu ta ba shi wani a kofi, ya kurɓa, hawaye yana bin gefen idonsa zuwa kunne.

Ruwa ya shiga, leda ta ƙare aka sa wata, amma babu abin da ya fito. Washegari da hantsi likita ya kira Indo waje. Matashi ne, idonsa duk gajiya, kuma ya yi mata magana a hankali kamar yadda zai yi wa uwarsa. Ya ce hantar ta lalace, da ma giya ta riga ta raunata ta, ƙwaya ta zo ta ƙarasa. Ya ce ƙodar ma ta tsaya, ƙwaya da ƙishirwa sun haɗu a kanta. Ta tambaya ko a kai shi Sakkwato. Ya ce ba zai hana su ba, amma ba ya jin hanyar ma za ta bar shi ya isa.

"Ɗana, ina ba shi rawaya," in ji ta. "Kullum. Ban taɓa hwashi ba. An ce tana tsare hanta. Ko ita ta cuce shi?"

Likitan ya girgiza kai. "Ban ce ita ce ba, Inna. Wataƙila ma tana da amfaninta, masu bincike suna dubawa. Amma ko rufin ɗaki akwai ruwan da ya fi ƙarfinsa. Abin da ya sha ya yi yawa. Da ya faɗa mini adadin sai da na sake tambayarsa, na ɗauka ban ji daidai ba."

"Biyu shika sha. Guda da sahe, guda da marece."

Likitan ya dube ta. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya wuce wurin wani majinyacin.

Ta koma ciki. Saudatu ta fita wanke kwano, Maccido kuma yana cikin hayyacinsa, abin da tun safe yake zuwa yana tafiya. Numfashinsa yana wani wari mai zaƙi-zaƙi da ba ta taɓa ji ba. Ta zauna a bakin gadon ta riƙe hannunsa da ya kumbura.

"Maccido, ƙwayag ga, nawa kaka sha?"

Ya yi ɗan murmushi, irin wanda yake yi yana yaro idan ta kama shi da hannu a tukunya. "Da hwarko biyu. Daga baya huɗu. Da azumi yak kama, shida da sahur, wata rana takwas in aiki na da yawa. Sai na shan ruwa."

"Takwas. Ba ka ji tsoro ba?"

"Tsoron mi? Ai kina ba ni jiƙo." Ya matse yatsunta da ɗan ƙarfin da ya rage masa. "Da ba don ke ba, Inna, ina ni ina wuce biyu? Wallahi da tsoro nika ji, Armiya'u ma sai da yac ce abin na da ƙarhi. Amma da kinka ce rawaya na tsarewa, sai hankalina yak kwanta. Ke kinka sa niy yi aikin kakag ga duk, niy yi azumin ga. Ban taɓa haɗiyar ko guda ba ban kora da jiƙonki ba, yadda kinka ce. Allah shi saka miki, Inna."

Godiya yake yi mata, da zuciya ɗaya. Da zagin ta ya yi da ta fi samun sauƙi. Ta tuna tafiyar da ta yi zuwa daji da gwiwa mai ciwo, da dakan da ta yi, da ranar da Saudatu ta zo mata da maganar ido ta sallame ta.

"Kin zo da shi?" in ji shi.

Jarkar tana nan a ƙarƙashin hijabinta, ta ɗumama da zafin jikinta. A wannan lokacin babu abin da ta tsana a duniya kamarta.

"Na mance shi gida."

Murmushin ya bar fuskarsa. Idanun nan da suka rine suka cika da tsoro, wanda ba ta gani a cikinsu ba ko lokacin da ake ɗaura masa ruwa.

"Ash, Inna. Jiya da marece ban sha ba, yau ban sha ba. To shi as sa jikin ya ƙi. Ƙwayag ga na nan ciki ba mai tsare ta." Ya fara ƙoƙarin tashi, igiyar ruwan tana jan hannunsa. "A aika Dauran. Saudatu ta tahi yanzu. Inna, kada ki bari ta cinye ni."

Ta danne kafaɗarsa ya koma. Gaskiya tana bakinta, amma me za ta yi masa yanzu? Ba za ta dawo da hanta ba, sai dai ta raba shi da abu guda da ya rage yana riƙe da shi. Ta sa hannu a hijabi ta fito da jarkar.

"Ga shi. Tsuhwa ta, na mance na ɗauko."

Ta tallafo kansa kamar yadda take yi yana jariri, ta kafa masa a baki. Jiƙon yana zuba ta gefen bakinsa yana ɓata matashin kai. Ya kurɓa sau biyu, na uku ya kasa haɗiyewa. Ya koma ya kwanta, ya sauke ajiyar zuciya, fuskarsa ta saki.

"Yanzu ba abin da za shi same ni," in ji shi.

Barci ya ɗauke shi. Da ya farka bai gane ta ba, bai kuma sake gane kowa ba. Ya cika ana jibi Salla, da hantsi, aka kawo shi Dauran a bayan motar hatsin da yake bi.

Ranar sadakar uku 'yan dako suka zo gaisuwa a ƙungiya. Aka ba su izini suka shigo har ƙofar ɗakinta, suka durƙusa. Babbansu ya yi addu'a, sannan ya ce ta yi haƙuri, kwana ne ya ƙare, don in magani yana hana mutuwa da Maccido bai mutu ba. Ya ce duk kasuwar Shinkafi da ta Ƙaura babu wanda bai san jiƙon nan ba, kullum sai marigayi ya yi zancensa. Ya ce su dai ba su taɓa ganin uwar da ta tsare ɗanta kamar ita ba.

Indo tana zaune a kan tabarma, ta zuba hannayenta a cinya, har lokacin launin bai gama fita daga tafinsu ba. Suka jira amsarta. Saudatu ce ta amsa musu daga cikin ɗaki.